Dalmar da ta biyo ni har Montana

Asabar ɗin da ta wuce na sha kunyar da ban taɓa shan irinta ba tun zuwana Amurka. A filin harbi ne, can bayan gari. Harsashi bai kai talatin ba na ga sun fara watsewa a jikin takarda, wasu ma a kaikaice suke shiga. Dattijon maƙwabcina, wanda ya koya mini ɗura harsashi da hannu, ya karɓi libarbar, wato ƙaramar bindigata ta hannu, ya buɗe gangar da ake zuba harsashi a ciki, ya ɗaga bututun saitin rana. Dalma ta lafe a ciki kamar ƙanzo a gindin tukunya, zanen murɗen cikin bututun, mai juya harsashi, ya kusa shafewa. Mutum biyar na tsaye suna kallo. Bai ce uffan ba, kuma shirun ya fi mini zagi ciwo.

Laifina ne. Ya ce in auna faɗin bututun, na ƙi. Ni jikan maharbi ne, kakana da adakarsa ya ci da gida a ƙasar Anka, sai nake ganin abin a jinina yake. Na je na sayo ƙwayoyin harsashi na dalma masu tauri, a zatona mai tauri ba ya barin datti.

Da yamma a garejinsa na ce, "Baba, ba taurin ne ke hana ta lafewa ba?" Ya ce a'a, kaurin ne. Ya tura dalma mai laushi ta cikin bututun, ya auna: inci 0.357. Ƙwayoyina kuwa 0.356. Wannan ɗan gibin ya ishi wutar albarushi ta kutsa ta gefe, ta zaftare dalma ta shafa wa ƙarfe. Mai tauri kuma ba ta buɗewa ta toshe hanyar idan ɗurin ba mai ƙarfi ba ne. Kamata ya yi su zama 0.358. Sannan ya bi ramukan gangar shida ɗaya bayan ɗaya, don idan bakinsu ya fi bututun ƙunci, a nan za su matse ƙwayar, sai maƙerin bindiga ya faɗaɗa su. Dalma a farkon bututu, awo ne bai daidaita ba. A can ƙarshe, maiƙon da ake shafa wa ƙwayar ne ya ƙare. Shi yanzu maimakon maiƙo garin fenti yake baɗa wa nasa, ya gasa minti 20.

Muka naɗa soson jan ƙarfe a burushi, bayan ya gwada shi da maganaɗisu don kada ya zama baƙin ƙarfe aka rina. Dalmar ta riƙa zubowa siri-siri a kan jarida.

Nan jikina ya yi sanyi. Shi abin wasa yake gani, ni ƙauyen Bagega na ƙasar Anka nake gani. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda gubar dalmar da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Ɗan yayata ya rayu, amma har yau maganarsa ba ta fita sosai. Shi ya sa nake wanke hannu sau uku, kayan da na sa a gareji suke kwana, 'yata kuma ko ƙofar ba ta taɓawa. Dattijon yana ganin na cika tsoro. Ban ba shi labarin ba.

Inna ma ban gaya mata komai ba. Yaya zan ce mata ina riƙe bindiga don nishaɗi, alhali saboda 'yan bindiga ta bar gonarta ta koma Gusau? Amma a garin nan da ba ni da mai ce mini sannu da Hausa, wannan tsohon ne kaɗai ke ƙwanƙwasa mini ƙofa. Jiya ta kira, ta ce, "Wai ranar Asabar ina kake zuwa ba ka ɗaukar waya?" Na ce ina wajen wani dattijo ne, ina taya shi aiki. Ta sa masa albarka, ta ce in gaishe shi.