Abin da ayarin takarda ya koya mini a ajin lissafi

A cikin darussan babbar sakandare, kaɗan ne ke ba malamin lissafi wuya kamar darasin yiwuwar aukuwar abu, wanda ɗalibai ke kira furobabiliti. Yaro zai haddace ƙa'ida tsaf, ya zuba ta a jarrabawa, amma ka tambaye shi wace lamba ce ta fi fitowa in an jefa dayis biyu na lido, sai ya ce maka ai wannan sa'a ce. A Daura nake koyarwa, kuma wani wasan tebur ne ya sauya yadda nake shiga wannan darasi.

Wasa ne da mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi, a jefa dayis a ga ko ya dace. Wanda ya fi suna a irinsa shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mayaƙan Turai masu sulke ba su dami yaranmu ba, don haka muka gina tamu duniyar: ayarin fatake ya tashi daga Daura, ya ratsa Damagaram, ya nufi Agadas sayen gishirin Bilma. Wani ya zama madugu, wani jagaba, wata ta riƙe littafin guzuri da salkunan ruwa. Ni ne mai labari. Na ajiye musu Dodon tatsuniya a bakin wata rijiya, kuma ɗan Daura da ya tashi da labarin Kusugu ba sai an yi masa bayanin rijiyar da wani abu ya tsare ba.

Ran nan ayarin ya iso mararraba. Gajeruwar hanya ta bi ta rijiyar Dodo, sai dayis biyu sun ba da 9 ko fiye za a wuce lafiya. Doguwar kuwa 6 ta isa, amma za ta ci salka uku. Madugu ya riga ya ɗaga hannu zai jefa, sai wani yaro daga bencin baya, wanda tun farkon zangon karatu ya ce mini shi ba shi da kan lissafi, ya ce, "Malam, a dakata." Ya juya bayan littafinsa ya zana gidaje shida tsaye, shida kwance, ya cike su yana ƙirgawa da bakin biro. Da ya gama ya dubi madugu ya ce, "Cikin 36, guda 10 ne kawai namu a gajeruwar nan. A doguwar muna da 26. Raƙuman ka gaji da su ne?" Ba wanda ya koya masa wannan jadawali a ranar. Raƙumansa na takarda yake tsoron rasawa.

Abu mafi nauyi da wasan ya ɗora mini shi ne kame baki. An horar da mu malamai mu cike kowane shiru da bayani, da mun ga yaro zai kauce sai mu tare shi. Mai labari ba shi da wannan dama. In ayarin ya zaɓi hanyar ganganci ya rasa rabin kayansa, haka za a rubuta, a ci gaba da abin da ya rage. Na lura ranar da suka yi asara sun fi tsayawa bayan tashi suna gardamar inda lissafi ya kuɓuce musu, kuma a wannan gardamar ake koyon darasin. Yanzu ko a aji, in na yi tambaya nakan jira, ko da shirun ya yi tsawo.

Wani uba ya same ni a kan maganar dayis. "Malam," in ji shi, "na kawo yaro karatu, sai na ji ana jefe-jefe irin na 'yan caca." Na ce, "Alhaji, damuwarka a kan hanya take." Malamanmu sun yi magana a kan wasan nardu, wani tsohon wasa da ake yi da dayis, akwai hadisi a Sahihu Muslim, kuma shi kansa wannan reshe na lissafi ya samu gindin zama ne a 1654, lokacin da Pascal da Fermat na Faransa suka yi ta musayar wasiƙu a kan yadda za a raba kuɗin cacar da aka katse ba a gama ba. Ban ga dalilin jayayya da uba a kan tarbiyyar ɗansa ba. Muka ajiye dayis, muka tara marafan kwalaben lemo, muka rubuta 1 zuwa 6, muka zuba a jaka biyu. Lissafin bai canza ba, ba kuɗi a ciki, kuma da an kira La'asar an tashi.

Marafan nan sun kawo abin da dayis ba zai kawo ba. Wata rana jaka ɗaya ce a hannu, sai aka riƙa zaro biyu daga cikinta. Mai riƙe da littafin guzuri ta ce ba ta yarda ba, domin yanzu 12 ba za ta taɓa fitowa ba, haka ma 2, tunda marfi ɗaya ba ya fita sau biyu. Suka sake zana jadawali, gidaje 36 suka koma 30. Bambancin zaɓe da mayarwa da zaɓe ba mayarwa ke nan, wanda yakan ci mini mako guda a kan allo.

Zango mai zuwa ayarin zai juya kudu, Gwanja sayen goro, domin mu shiga riba da faɗuwa da kashi cikin ɗari. Mai littafin guzuri har ta fara tambayata nawa ne kuɗin fito a kogin Kwara, kuma a kan jaki ake biya ko a kan kaya.