Intanet ɗin al'umma: ina kuɗi ke shigowa, ina yake zurarewa?

Yawancin ƙungiyoyin da ke kafa wa ƙauye ko unguwa intanet da kuɗin tallafi suke farawa. Mai tallafi zai sayi eriya da rauta (na'urar da ke rarraba intanet) da faranti mai zuƙo hasken rana da batura, a ɗauki hoto ranar buɗewa, ya tafi. Kuɗin layin da ake sayowa daga babban kamfani duk wata, da albashin mai gyara, waɗannan sai aljihun ƙungiya.

Zenzeleni, ƙungiyar intanet ta al'ummar Mankosi, a lardin Eastern Cape na Afirka ta Kudu, ta fara a 2012 tare da Jami'ar Western Cape. Kuɗinta na farko daga cajin waya ya fito, da wutar solar da ke riƙe na'urorinta. Daga baya ta sayar da katin shiga intanet na rand 25 (kuɗin Afirka ta Kudu) a wata. Amma kuɗin ɗaiɗaikun mutane kaɗai ba ya ɗaukar layi. Sai an samu manyan abokan ciniki masu biya a kan kari, kamar makaranta da asibiti da shaguna, sannan farashin talaka zai iya sauka. A yankin Kataloniya na Sifaniya kuwa, intanet ɗin al'umma mai suna guifi.net da aka fara a 2004 ta bi wata hanya: kamfanonin da ke cin riba da hanyar sadarwar suna raba kuɗin kula da ita gwargwadon amfanin kowa, wanda ya kashe fiye da rabonsa a mayar masa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne batur. Batur mai gubar dalma, in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum dare, ga zafi, da wuya ya wuce shekara biyu. To a raba kuɗinsa gida 24, a riƙa cire kashi ɗaya duk wata ana zubawa a asusu dabam mai sa hannun mutum biyu. Haka ma a ajiye eriya ɗaya ta ko-ta-kwana, domin tsawar damina ba ta sallama, musamman in an yi ƙwauron wayar da ke kai wuta ƙasa.

Sai bashi. Da zarar an bar ɗan sarki ko ƙanin ma'aji ya hau kyauta, gobe kowa zai zo da nasa uzurin. Kati a biya kafin a hau, a buga shi da rautar kamfanin MikroTik, duk wata a manna lissafin shige da fice a inda kowa zai gani.