Na bi sawun takardun gidan wasa a birnin Paris

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni a tashar Pigalle da hantsi, ana yayyafi. Daga nan na kama wata siririyar hanya mai hawa tudun Montmartre, Rue André Antoine, wadda ƙarshenta matakala ce. A wannan lungu ne, ranar 30 ga Maris 1887, André Antoine, akawun kamfanin gas wanda daga baya aka sa wa hanyar sunansa, ya fara nuna wasannin Théâtre Libre, ƙungiyar wasan kwaikwayon da ya kafa. Ba shi da kuɗin kayan dandamali, sai ya loda teburi da kujerun mahaifiyarsa a amalanke ya turo.

Ni dai abin da ya kawo ni shi ne takardar da ake miƙa wa 'yan kallo, mai ɗauke da sunan wasa da na 'yan wasa. Antoine bai raina ta ba, matasan masu zane ya ba aikin, irin su Signac da Ibels da Toulouse-Lautrec.

Bayan azahar na gangara bakin kogin Seine, na shiga wani shagon tsofaffin zane-zane. Dattijuwar da ke ciki ta sa na goge hannuna tukuna, sannan ta jawo faffaɗar aljihun tebur. Ga takardar Lautrec ta wasan Le Missionnaire na 1894: wata mata zaune a keɓaɓɓen mazaunin bene, ta kafa madubin hangen nesa a ido, kewaye da ita ja ne jawur. Sunayen 'yan wasa an tura su gefe. Ya bar dandamali, ya zana masu kallo! Wannan ƙarfin hali ya burge ni ƙwarai.

Na ce, “Madam, yaya aka yi launin bai cakuɗe ba?” Ta ce a kan lafiyayyen dutse ake zanen da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen, tawada ta kama maiƙon ta guji ruwa. Kowane launi da dutsensa, takarda ɗaya sai ta bi ta kansu duka. Da na sunkuya sai na ga ɗigo-ɗigon tawada kamar an watsa gero, da kuma sawun ninki a tsakiya, inda wani ya naɗe ta ya sa aljihu.

Ta kuma nuna min ta Munch, ɗan ƙasar Norway, wadda ya yi wa wasan Peer Gynt a 1896, baƙar tawada zalla, fuskokin mata biyu da duwatsu a bayansu. Wannan ta gidan Théâtre de l'Œuvre ce, wanda Lugné-Poe ya kafa a 1893 tare da mai zane Vuillard. Su ne suka nuna wasan Ubu Roi a Disamba 1896, Jarry marubucinsa ya zana takardar da kansa.

Farashin ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Na yi mata godiya, na nufi lamba 55 a Rue de Clichy, inda l'Œuvre ke wasa har yau, na sayi tikitin wasan dare.