A Garejina Ba a Yi wa Tsohon Babur Fenti

Garejina yana bakin titi kusa da Gujungu, ni da yarana. Abincinmu a Boxer da Jincheng da roba-roba yake, musamman ranar Lahadi da kasuwa ke ci, wadda ko sallar azahar sai dai mu yi bi da bi. Amma can cikin rumfa, bayan labulen buhu, nake ajiye tsofaffin babura, kuma da su aka fi sanina daga nan har Ringim da Gumel: Honda CD175, Roadmaster, Suzuki A100, Yamaha YB100, jifa-jifa a kawo Vespa.

Yawancinsu na shekarun 1970 ne. Da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, a 1975, malaman makaranta da malaman gona da duba-gari suka yi ta sayen babur, ya zamana a ƙauye idan ka ji ƙarar Honda ka san hedimasta ne ko wani daga En'e. Da yawa daga cikinsu 'yan gwangwan sun auna su a kilo tuni. Waɗanda suka tsira suna zaure ko ɗakin hatsi an lulluɓe su da tabarma, sai an zo rabon gado a tuna da su. Wasu har yanzu da tsohuwar lambar KN a jikinsu, ta tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991.

Duk wanda ya turo min irin wannan babur, maganarsa ta farko ɗaya ce. "Malam, so nake ka mayar min da shi sabo dal kafin Sallah." Sai in ce, "Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, sabo ai yana Fagge an jera, kuɗinka kawai za ka kai. Wannan da Baba ya bari ne babu inda ake sayarwa." Wani ya gane, wani ya ɗauki abinsa ya kai inda za a fesa masa ja mai ƙyalli a yini ɗaya. Ba na riƙe kowa.

Dalilina shi ne fentin kamfani sau ɗaya ake samunsa. Ranar da aka sa masa sanfefa, ya tafi ke nan, ko wane gwani ne zai fesa. Kuma koɗewar da mutane ke ƙi, ita ce shaidar babur. Saman tanki inda rana ta ci, gefen da babbar riga ta yi shekaru tana goga, robar gwiwa da ta lafe, duk masu sayen da suka san abin daga Kano ko Kaduna su suke dubawa. Suna ɗaga kujera, su leƙa ƙarƙashin tanki, su duba kan noti ko an taɓa cin sa. Idan suka ga sabon fenti sai su rage kuɗi, don ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashi, ƙarfe ne ko fila da walda.

To me muke yi in ba fenti? Wanki, sannu a hankali. Ruwa da sabulu mai laushi da tsumma, ba omo ba, ba kuma injin feshin masu wankin mota ba, wanda ke tura ruwa cikin boris da wayoyi. Tsatsar da ke kan ƙarfe mai ƙyalli, irin na salansa da madigadi, baƙin mai muke shafa mata ta kwana, sannan a murza da takardar alminiyam mai laushi. Abin da ya fita ya fita, wanda ya ƙi a bar shi a shafe da mai kada ya ci gaba. Tanki kuwa daga ciki yake mutuwa. Sai mu cire shi, mu naɗe shi da bargo saboda fentin, mu zuba kananzir da ƙananan notina, yaro ya yi ta girgizawa har ruwan ya daina fitowa ja. Sukurorin injin Japan ma suna da nasu hali: sukundirebar kasuwa ba ta zama a kansu daidai, tana cinye su, don haka da ta bugawa muke kwance su. Yaron da ya ɗauko guduma da kurfi a kan sukurun CD175, ranar sai dai ya koma facin taya.

Akwai abin da ba na jayayya a kansa. Taya, tub, takalmin birki, wayar birki da ta kuloci, sil, gasket, batir, duk ana canzawa. Tayar da ta shekara arba'in ko zanenta bai goge ba ta bushe, kuma rai ya fi asali. Sai dai duk abin da na cire ina sa shi a kwali in ba mai babur, kada ya yar.

Inda muke yawan saɓawa da abokan sana'a shi ne wuta da inji. CD175 silinda biyu ce da kafireta ɗaya, giya huɗu, wutarta bolt 6, kuma da kwantak take tashi, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don ba fulogi wuta. Makanikan yanzu da CDI suka tashi, wato akwatin wutar baburan zamani da ya maye gurbin kwantak, don haka da ta yi gardama sai su yanke wayoyi su mayar da ita bolt 12, wani ma ya sauke injin gaba ɗaya ya ɗora na China. Babur zai tashi kam, amma lambar inji ta bar gidan, kuma wannan ƙarar mai taushi da tsofaffi ke ganewa tun daga nesa ta tafi. Alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce a goge kwantak, a daidaita tazararsa, a canza kondensa, a wanke kafireta ba. Ga kuma matatar baƙin mai da ke cikin injin ta ɓangaren dama, wadda ba ta takarda ba ce, juyawa take tana tara dauɗa. Da wuya in buɗe ɗaya in ga alamar an taɓa wanke ta.

Abin da mai shi na farko ya ƙara da hannunsa fa? Nan ra'ayina ya bambanta da na 'yan birni. Su so suke a cire komai ya koma yadda ya fito daga kwali. Ni kuwa kariyar da maƙerin gari ya ƙera don ɗaukar buhun gero, ko fatar da dukawa suka ɗinka wa kujera, idan da noti aka ɗaura ba a huda firam ba, barinta nake. Da ita babur ɗin ya yi rayuwarsa. Wadda aka yi wa walda a jikin firam ce nake tsayawa in yi nazari, don cire ta ma rauni ne.

Bayan an gama, sharaɗina da mai babur shi ne ya riƙa hawa. Babur kamar doki yake, ɗaurewa ce ke kashe shi. Idan ya yi wata biyu a tsaye fetur zai daskare a kafireta, ɓera ya shiga gidan iska ya ci soso, zanzaro ya gina ɗaki a bakin salansa. Ko zuwa masallacin Juma'a ne a kai shi sau ɗaya a mako, a ajiye shi a inuwa bisa tsayuwar tsakiya, ba a ƙasa mai danshi ba, a rufe da zane maimakon leda, don leda tana tara gumi da damina.

Maganar riba kuwa, gaskiya babu ita sosai. Kafin in gama Honda ɗaya na gyara Boxer da yawa, kuma mafi yawan lokacin jiran kaya ne. Ina bin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, ina kuma da 'yan gwangwan da na ba lambata: duk tsohon babur da ya faɗo hannunsu su kira ni kafin su sa masa guduma, in biya su sama da kuɗin kilo. Shi ya sa tun farko nake faɗa wa mai babur kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban, kuma ba na yanke masa ranar karɓa. Idan gilashin fitilar baya na asali ne ya rage, zai iya hawa abinsa haka, in na samu in aika masa.