Yau na zauna gaban masu ɗaukar aiki

Tun da lasisina na aikin jinya ya fito nake raba takardun neman aiki, yau dai Allah ya sa wani asibiti ya kira ni ganawa. Mutum uku na tarar, amma shugabar ma'aikatan jinya ce ta riƙe yawancin tambayoyin.

Ba ta tsaya kan takarduna ba. Cewa ta yi in ɗauka an kawo mini wanda aka yi wa tiyata ɗazu, bugun zuciyarsa ya kai 120 a minti, awon jininsa na sauka, yana ta gumi mai sanyi. Me zan yi? Na ce babban mutum yana hutawa bugunsa 60 zuwa 100 ne, saboda haka zan yi zargin jini na zuba ta ciki. Ba zan bar gefensa ba. Zan aika a kira likita nan take, in duba wurin ɗinkin, in tabbatar hanyar ƙarin ruwa a buɗe take, in riƙa maimaita awo ina rubutawa da lokacinsa. Ta gyaɗa kai. Sai ta koma kan ba da magani, na lissafo mata abin da ake tabbatarwa kafin ƙwaya ko allura ta shiga jikin mutum: majinyacin ne, maganin ne, adadin ne, ta hanyar da aka rubuta, kuma a kan lokaci.

Daga nan tambayar da na san tana tafe ta zo: me ya raba ni da koyarwa bayan shekarun da na yi a aji? Na ce, ranki ya daɗe, jinyar mahaifiyata ce ta nuna mini inda zuciyata take. Na kuma gaya mata koyarwar ba ta tafi a banza ba. Wanda ya saba gane yaron da bai fahimci darasi ba alhali yana cewa ya gane, zai gane mai ciwon sukari da aka sallama bai san yadda zai yi wa kansa allurar insulin ba. Rabin aikin sallama bayani ne, kuma bayani sana'ata ce.

Abin da ke ci mini rai shi ne kusan kowace sanarwa sai ta ce ana son mai gogewar shekara biyu. To a ina sabon zai samo ta? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce ma'aikatan jinya miliyan 27.9 ne a duniya, kuma akwai giɓin miliyan 5.9. Amma ƙarancin ma'aikata daban, gurbin da aka ware wa albashi daban. Sannan sabuwar nas sai an haɗa ta da tsohuwar hannu, ita kuwa tsohuwar hannun aiki ya riga ya yi mata yawa. Na fahimci uzurinsu, sai dai ban yarda da shi ba, domin asibitin da ba ya rainon sababbi zai wayi gari ba shi da tsofaffin.

Shi ya sa da aka ba ni damar tambaya, ban fara da albashi ba. Na ce, idan an ɗauke ni, wa zai tsaya a kaina, kuma yaushe za a bar ni ni kaɗai a aikin dare? Ta ce sai na yi makonni tare da wata babbar sista tukuna. Wannan amsar ta sa na ƙara son wurin.

Sun ce za su neme ni. Gobe da safe zan kai takarda wata cibiyar wankin ƙoda, yanzu kuma bari in sake bitar lissafin ɗigon ƙarin ruwa kafin barci ya ɗauke ni.