Saita gen ɗin amfilifayar mota da mita: yadda na yi da inda na yi kuskure

Motar Corolla ce, kuma sau biyu ana sake wa wufarta (babbar sifikar bas) naɗin koyil cikin wata uku kafin a kawo mini ita nan Gombe. Da na buɗe but, hannuna bai fara zuwa kan wufar ba, gefen amfilifaya na duba. Ɗan maɓallin da aka rubuta wa GAIN, wanda mu ke kira gen (ba jen na wuta ba), an murɗe shi ya kusa ƙurewa, na ƙarin bas kuma yana kan 12. Nan ciwon yake.

Mutane da yawa suna ɗaukar gen a matsayin boliyum na biyu, wai in ka ƙara shi amfilifaya za ta ƙara ƙarfi. Ba ta ƙarawa. Aikinsa shi ne daidaita abin da rediyo ke turowa ta wayar RCA da abin da amfilifaya ke buƙata ta kai iyakarta. Wani rediyon bolt 2 yake fitarwa, wani 4, wani 5. Mai bolt 2 yana son gen ya ɗan yi sama, mai 5 yana son ya yi ƙasa, amma dukansu wuri ɗaya za su kai amfilifayar. In aka wuce wannan wuri, sai ta fara aske kan sautin: igiyar da ya kamata ta tashi ta sauka a lanƙwashe sai ta zama mai baje kai kamar an sa mata aska. Kunne yana jin ƙara ta ƙaru, koyil kuma zafi yake sha fiye da yadda motsin wufar zai iya fifita shi, har gam ɗin ya narke.

Kayan da ke motar: rediyon Pioneer mai boliyum zuwa 62, amfilifaya mai layi ɗaya don wufa, wata mai layi huɗu don sifikun ƙofa, da wufa inci 12 mai koyil biyu, kowanne om 4. An haɗa koyil ɗin biyu tabbatacce da tabbatacce, korau da korau, suka koma om 2. Na auna da mita, wato multimita ta awon wuta, don in tabbatar. Ta nuna 1.8, kuma haka ya kamata, domin mita kullum tana karanta ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta.

Lissafin ba shi da wuya. Ka ninka wat da om, ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito a kalkuletar waya, shi ne bolt ɗin da kake nema a bakin fitar amfilifaya. Wahalar tana wajen sanin wat na gaskiya. A jikin wannan amfilifaya an buga 2000W da manyan haruffa, amma takardarta ta ce 500 RMS (wat ɗin da take iya bayarwa ba yankewa) a om 2. Adadin RMS kaɗai ake aiki da shi, wancan babban na talla ne. In babu takarda, fis ɗin da ke jikinta zai gaya maka kusan gaskiya. Wannan tana da biyu masu ampiya 25, wato 50. Ka ninka da bolt 14.4 ka samu 720, ka cire kusan kashi 20 cikin 100 da ke tafiya a zafi in aji D ce, ya rage wajen 570. Ya yi daidai da 500 ɗin takarda. In aji AB ce, kusan rabi ne ke tafiya a zafi. Duk amfilifayar da ta ce wat 3000 da fis ɗaya na ampiya 30, kada ka ɓata lokacin yi mata lissafi da lambarta.

Wufar kuwa 400 RMS take ɗauka, don haka da ita na yi lissafi, ba da amfilifayar ba, tunda ita ce ƙarama. 400 sau 2 ya ba da 800, tushensa 28.3. Bolt 28.3 ke nan nake nema.

Kafin taɓa gen na mayar da komai fili. Bas, tirebul da ikwalaiza duk sifili, LOUD a kashe, ƙarin bas na amfilifaya a sifili. Matakin wufa na cikin rediyo da ɗan maɓallin bas da ke ƙarƙashin sitiyari kuwa, su na kai ƙarshe, saboda bayan an gama ya zama ragewa kawai mai mota zai iya yi, ba ƙari ba. Na cire wayoyin wufa daga amfilifaya, na mayar da gen ƙasa gaba ɗaya, na tayar da mota. Sai da injin yana aiki, don batir kaɗai bolt 12.5 ne ko ƙasa, altaneta kuma yana kai shi wajen 14.

Sautin gwaji na haɗa shi a kwamfuta da Audacity: 50Hz, tsawon minti biyu, ƙarfinsa a 1.0, wato 0dB, na ajiye shi WAV a filash. Ba na amfani da na intanet ta Bluetooth, domin ba ka san matakin da aka ɗora shi ba, boliyum ɗin wayar ma wani ƙarin ruɗani ne. Na kai rediyo 46, kusan kashi uku cikin huɗu na 62, tunda yawancin rediyoyi suna fara aske sauti kafin ƙarshen boliyum. Mita a AC, baƙar waya a korau, ja a tabbatacce na bakin sifika, sai na riƙa murɗa gen da ƙaramar sukudireba a hankali har lambar ta tsaya a 28.3.

A nan na yi kuskuren farko. Na manta matatar LPF, mai barin bas kaɗai ya wuce zuwa wufa, tana kan wajen 50Hz, daidai inda sautin gwajina yake. Matata a daidai lambarta tana rage sauti da kusan 3dB, don haka mita tana nuna mini ƙasa da abin da amfilifayar za ta fitar a 35 ko 40Hz, ni kuma ina ta ƙara gen don cike giɓin. Abin da ya farkar da ni shi ne ganin maɓallin ya wuce tsakiya sosai. Da na buɗe matatar zuwa ƙarshe ba tare da na taɓa gen ba, mita ta haura 39. Da an bar shi haka, naɗi na uku ne ke tafe. Na sauke, na sake nemo 28.3 da matata a buɗe, sannan na mayar da ita 80 bayan an gama. Haka ma matatar SUBSONIC, mai yanke bas ɗin da ya yi ƙasa sosai, a sauke ta ƙasa lokacin awo, a mayar da ita daga baya, musamman in akwatin mai huda ne.

Amfilifayar sifikun ƙofa tana ba da 60 RMS a om 4 kowane layi. 60 sau 4 ya zama 240, tushensa 15.5. Ka'ida ita ce a yi amfani da 1000Hz, sai dai mitocin nan masu araha an yi su ne don wutar gida, da yawansu ba su da daidaito in an wuce 400Hz. Tunda sifikun a cire suke, babu abin da zai lalace, sai na sa matata a FULL na auna da 50Hz ɗin nan, gaba daban, baya daban, daga baya na kunna HPF, matatar da ke tare bas, a 80 don kada sifikun ƙofa su riƙa kokawa da bas ɗin da ba nasu ba.

Abu na biyu da na koya ya fi muhimmanci: mita ba ta ganin aski. Bolt kawai take ƙirgawa, ba ta san siffar igiyar ba. Bayan na haɗa wufa, na kunna AC na sanyi da fitilu, mota tana silo, na ɗora mita a bakin shigar wuta na amfilifaya. A batir akwai 14.1, a amfilifaya kuwa duk lokacin da bas ya buga sai ya faɗo 12.3. Amfilifayar da aka yi wa alkawarin 500 a 14.4 ba za ta ba da shi a 12.3 ba, tana iya fara aski tun kafin 28.3 ɗin da na yi wahalar nema. Da na fere wayar wutar, sai na ga roba ce mai kauri, cikinta siririn alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. As ɗin kuma, wato wayar korau da ke zuwa jikin mota, an ɗaure shi a kan fenti a ƙarƙashin bol ɗin kujera. Na sa waya geji 4 ta jan ƙarfe zalla, fis kusa da batir bai wuce taku ɗaya da rabi ba, na kankare fenti har ƙarfe ya fito fari na ɗaure gajeren as. Faɗuwar ta tsaya a 13.5, kukan altaneta da ke bin totur a sifikun baya ma ya ɗauke.

Wanda ke da osiloskop, na'urar da ke nuna siffar igiya a allo, ko da ƙaramin na hannu ne, ya fi ni sauƙi, don da idonsa zai ga inda kan igiyar ya fara bajewa, a rediyo da amfilifaya duka. Kunne ma yana taimakawa: da 1000Hz a sifika, sauti mai tsabta siriri ne kamar usur, da ya fara aski sai ka ji wani zuzzz ya hau kansa. A wufa da 50Hz kuwa ban yarda da kunnena ba, sai abin ya yi nisa yake ji.

Mai motar ya zauna ya saurara, ya ce, "Malam, kamar ta rage ƙarfi." Na ce, "Alhaji, ƙarar da ka saba ji ita ce ta ƙona maka koyil sau biyu." Amma yana da ɗan gaskiya. Saiti da 0dB yana da tsauri, domin kiɗa ba ya zama a ƙololuwa kamar sautin gwaji, tsofaffin waƙoƙi ma an ɗauke su ƙasa-ƙasa. Shi ya sa wasu ke saita wufa da sautin -5dB, wato 0.56 a Audacity, su samu ƙarin nauyi da ɗan askin da ba ya daɗewa. Ina yin haka ga wanda na san zai rage in ya ji sauti ya fara kaushi. Motar da yara ke ɗauka zuwa biki, a 0dB nake barinta. Ƙarin bas kuwa ban mayar da shi ba ko kaɗan: duk 3dB ninki biyu na wat yake nema, 12 ɗin da na tarar yana neman ninki goma sha shida a wannan zango, abin da amfilifayar ba ta da shi.

Gwajin ƙarshe a hanya ne, daga Tashar Dukku zuwa Tumfure da dawowa, boliyum a 44, rana tsaka. Zafin Maris da Afrilu a garin nan yana mayar da but tanda, amfilifayar da aka lulluɓe da kafet ko aka jingina wa buhu sai ta kunna jar fitila ta ɗauke ko da gen ɗinta daidai yake, don haka na ɗaga ta a kan 'yan katako iska ta riƙa bi ta ƙasa. Da muka tsaya na dafa tsakiyar wufar, ɗumi kaɗan, babu ƙaurin gam. Na ɗiga farin fenti a kan maɓallan gen uku don a gane in wani ya taɓa, na rubuta 46 a ɗan salatif na manna gefen rediyo.