Manhajar shagon Kawu da ƙofar da na bari a buɗe

Kawuna yana da shago a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi yake sayarwa, sannan yana da sito a wani layin daban inda ake jibge diloli. Shekara da shekaru duk lissafinsa a littafi yake, dogon littafin nan mai baƙin bango, wanda ya ɗauki kaya bashi a rubuta, wanda ya kawo ciko a soke. Littafin kuma ɗaya ne tal, idan Kawu ya yi tafiya sai dai ya yi ta buga waya yana tambayar yaran shago wa ya kawo kuɗi, turmi nawa ya rage a kala kaza. Wata rana bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida ya ce min, "kai da kake ta karatun kwamfutar nan, ba za ka yi min abin da zan riƙa ganin shagona a waya ba?" Na ce Kawu in sha Allahu zan yi.

Manhajar kanta ba ta ba ni wuya ba, na Android ce, shafin shigar da ciniki, shafin masu bashi, shafin kayan da suka rage. Inda aikin yake shi ne waya uku za su yi amfani da ita, ta Kawu da ta yaron shago da ta mai kula da sito, kuma dole duk abu ɗaya za su gani. Ke nan bayanan ba za su zauna a waya ɗaya ba, sai an ajiye su a rumbun bayanai can a kan saba, wato kwamfutar da take kunne kullum a intanet, kowace waya ta je ta ɗebo ta kuma zuba.

Abin da na fara yi shi ne abin da na ga yawancin masu koyo suna yi, shi ya sa ma nake wannan rubutun. Na sayi hostin mai arha, wato hayar wuri a kan saba, na buɗe MySQL, manhajar da ke riƙe rumbun bayanai, na shiga wurin da ake ba da izinin shiga daga nesa na sa alamar % wato kowa daga ko'ina a duniya zai iya ƙwanƙwasa ƙofar 3306, wadda ta nan ake shiga MySQL, sannan na rubuta adireshin saba da sunan mai shiga da kalmar sirri a cikin kod ɗin manhajar kai tsaye. Da farko ma faɗuwa ta yi ta yi da NetworkOnMainThreadException, saboda tun daga Android 3.0 ba a yarda ka yi aikin intanet a kan zaren da yake zana fuskar manhaja ba, na mayar da aikin baya, ta tashi. Na shigar da turmi biyar a wayata, na duba wayar Kawu, ga su nan sun fito. Wallahi ranar na ji daɗi sosai.

Sati biyu ana amfani da ita na kai wa wani yayanmu a harkar, wanda ya daɗe yana rubuta manhajoji, don ya gani ya sa albarka. Bai ko buɗe ta a waya ba. Ya ce turo min fayil ɗin APK, wanda ake sa manhajar a waya da shi, ya jefa shi cikin jadx, manhajar da ke warware kod ɗin da ke ciki, a laftof ɗinsa, ya rubuta 3306 a wurin bincike, ko minti biyu ba a yi ba ya juyo min da fuskar laftof ɗin. Kalmar sirrina ce a rubuce ɓaro-ɓaro. Ya buɗe wata manhajar ya shiga rumbun da ita, sai ga sunayen mutanen Kawu, lambobin wayarsu, da bashin da ake bin kowa. Ya ce "ƙanina, da ni mugu ne layi ɗaya zan rubuta in goge bashin nan gaba ɗaya, ko in rage wa wani in ƙara wa wani, kuma ba wanda zai san an yi." Jikina ya yi sanyi, don wannan ba bayanaina ba ne, amanar mutane ce, akwai 'yan kasuwar da suke zuwa tun daga Maraɗi da Damagaram su ɗauki kaya a kan yarda kawai, kuma fayil ɗin nan na riga na tura shi ta WhatsApp, ban san hannu nawa ya shiga ba.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne duk abin da ka sa a cikin manhajar waya ka ɗauka ka ba wa jama'a ne. Ko ka cakuɗa kod ɗin da R8 sunayen sassan kod ɗin ne kawai za su canza, kalmar sirrin dole manhajar ta iya karanta ta kafin ta yi amfani da ita, in dai ita za ta iya to mai haƙuri ma zai iya. A daren na canza kalmar sirrin na cire % ɗin nan, shagon ya koma littafi na kwana goma.

Gyaran shi ne a sa mai gadi a tsakani, abin da ake kira API. Waya ba ta ƙara magana da MySQL, ba ta ma san inda yake ba. Ni da harshen PHP na rubuta nawa saboda shi hostin ɗin yake ɗauka, wani zai yi da Node ko Python ko Laravel, duk ɗaya ne. Wayar za ta aika saƙo ta HTTPS, wato hanyar da ke ɓoye saƙo kar a karanta shi a hanya, zuwa wani adireshi, misali na shigar da ciniki, da bayanan a tsarin JSON, shi kuma PHP ɗin da yake zaune a saba ɗaya da rumbun ya duba waye wannan, yana da izinin abin da yake nema, lambobin da ya turo masu hankali ne, sannan shi ya rubuta a rumbun ya dawo da amsa. Idan komai lafiya amsar lambar 200 ko 201 ce, idan ba a san ka ba 401. Kalmar sirrin rumbun tana can a saba ba ta fita. Kowane mutum kuma na ba shi nasa asusun, ya shiga da lambar waya da kalmarsa, saba ta ba shi tokin, wato kamar tikitin da zai riƙa nunawa duk zuwa. Amfanin wannan na gan shi ranar da wani yaron ya bar shagon, tokin ɗinsa kawai na kashe, ba sai an sake wa kowa manhaja ba. Kuma yaron shago yana iya shigar da ciniki amma ba ya iya goge bashi, Kawu kaɗai ke da wannan, kuma a saba aka hana, ba wai maɓallin kawai na ɓoye a waya ba.

Kalmomin sirrin mutane ban ajiye su tsirara ba, password_hash na PHP da ke cakuɗa su ya wadatar. Tambayoyin SQL kuma, wato umarnin da ake ba rumbun, duk ta PDO, hanyar da PHP ke magana da rumbu, da gurabe na yi su, ba na liƙa abin da mutum ya rubuta a cikin tambayar kai tsaye, don ta nan ake cusa wa rumbu umarni. Satifiket ɗin HTTPS ɗin, wato shaidar da saba ke nunawa, na Let's Encrypt ne, kyauta, yana sabunta kansa. Dama tun Android 9 idan manhajarka ta nemi http zalla tsarin zai ƙi sai ka buɗe da hannunka, na ga mutane da yawa suna buɗewa don kuskuren ya tafi, don Allah a bari, a sa satifiket ɗin kawai. Wani abu ƙarami da ya cinye min yini guda, idan kana gwaji a kan wayar bogi ta Android Studio kuma saba tana kan laftof ɗinka, localhost ba zai yi ba don wayar kanta take nufi, 10.0.2.2 za ka sa.

Na ɗauka an gama. Ashe kasuwa ba ɗakina ba ce. A cikin layukan nan da rana tsaka, ga benaye ga rumfuna ga dubban mutane kowa da waya, sabis yakan zo ya ɗauke, wayar tana nuna 4G amma ba abin da ke wucewa. Yaron shago zai danna ajiye, abin ya yi ta juyawa, ga mai saye a tsaye yana jira, sai ya sake dannawa. Ranar wata Asabar Kawu ya kira ni ransa a ɓace, ya ce wani mutuminsa na shekaru ya ɗauki turmi ashirin amma waya ta ce arba'in, har sun ɗan yi sa-in-sa kafin a duba takardar da aka ba shi. Na buɗe rumbun na ga layi biyu iri ɗaya sak, tazarar daƙiƙa kaɗan. Abin da ya faru, saƙon farko ya isa saba an rubuta, amsar ce ta maƙale a hanya, wayar ta ɗauka bai je ba. Na ce Kawu ka yi haƙuri laifin aikina ne ba na yaron ba, kuma na roƙe shi ya gaya wa mutumin haka.

Wannan ne ya sa na juya tsarin gaba ɗaya. Yanzu idan aka danna ajiye, a cikin wayar ake fara rubutawa, a SQLite, ɗan rumbun da ke cikin waya, ta hanyar Room, nan take ba jira, da alamar cewa ba a tura ba tukuna. Kowane ciniki tun a wayar ake ba shi lambarsa ta UUID, doguwar nan mai harafi 36, kuma a MySQL na sa wa gurbin UNIQUE, wato ba a maimaita lamba, saboda haka ko sau goma wayar ta turo abu ɗaya sau ɗaya zai shiga, sauran saba ta ce na riga na karɓa. WorkManager, mai tsara ayyukan baya na Android, shi ne yake turawa idan sabis ya dawo, idan ya gaza ya jira ya sake. A fuskar manhajar na sa ɗan agogo a gefen wanda bai tafi ba da alamar kore a gefen wanda ya isa, kuma yaran sun gane da kansu don sun saba da irinsa a WhatsApp. Sai dai wasu wayoyin suna kashe duk abin da ke aiki a baya don adana batir, sai da na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya na cire manhajar daga wannan takurar, na kuma ƙara maɓallin tura yanzu wanda suke dannawa kafin a rufe shago.

Akwai kuma matsalar da ba za ka gani a darussan Turawa ba, ta haruffanmu. Kawu yana da allon rubutun Hausa a wayarsa, yana rubuta Ɗanladi da ƙugiyarsa. Na leƙa phpMyAdmin, shafin da ake duba rumbun da shi, na ga ÆŠanladi. Dalili, teburan rumbun a tsarin haruffa na latin1 suke, wanda shi ne na asali a MySQL har zuwa 5.7, sai a 8.0 aka koma utf8mb4, kuma latin1 bai san ɗ da ƙ da ɓ ba, bai ma san alamar ₦ ba. Dole a gyara wuri biyu, teburin kansa da kuma layin haɗin PDO a sa charset=utf8mb4, idan ka gyara ɗaya ka bar ɗaya za ka iya samun alamar tambaya a madadin harafin, wannan kuwa in ya shiga ya shiga, ba ya dawowa. Bayan na gyara sai wata ta ɓullo, Kawu ya rubuta Ɗanladi yaro ya rubuta Danladi, mutum ɗaya ya zama biyu kowanne da rabin bashi. Na ƙara gurbi na biyu da ake ajiye sunan ba ƙugiya don bincike kawai, sunan gaskiya yana nan yadda aka rubuta shi, sannan lambar waya ta zama ita ce shaidar mutum.

Kuɗi kuma kar a ajiye su a FLOAT, wato gurbin lamba mai ɗigo, 0.1 da 0.2 a can ba sa ba da 0.3 cif, ni a kwabo nake ajiyewa a matsayin cikakkiyar lamba in raba da 100 wajen nunawa. Lokaci ma na saba nake yarda da shi a UTC, wato agogon duniya, in ƙara awa ɗaya ta Najeriya a waya, don agogon wayar mai sito ya taɓa komawa baya da kansa.

Wasu za su ce me ya sa ban yi da Firebase na Google ba tun farko, kuma suna da gaskiya, rumbunsa Firestore yana ajiye bayanai a waya ya tura da kansa idan sabis ya dawo, da ya rage min rabin wahalar nan. Ni dai lissafin bashi da kaya na fi sakewa da shi a teburan SQL. Amma ko can mai gadin yana nan, sunansa ne ya canza, dokokin tsaro ne, kuma yanayin gwajin da ake farawa da shi yana barin rumbun a buɗe ga kowa na kwana 30, wasu in ya ƙare sai su rubuta dokar da ta buɗe shi har abada don manhaja ta ci gaba da aiki. Supabase, wani irin Firebase ɗin, shi ma haka, PostgreSQL ne a ƙasa, idan ba ka kunna RLS, wato dokar wa zai ga wane layi, a teburanka ba mabuɗin da ke cikin manhajar zai iya karanto komai. Kuskurena ne dai na 3306 a wata rigar.

Abin da nake kai yanzu shi ne idan shago da sito duk ba sabis, kuma kowannensu ya sayar da turmi biyar na ƙarshe na kala ɗaya. Na daina tura adadin da ya rage daga waya, motsin kawai nake turawa, an fitar da biyar, an shigo da dila ɗaya, saba ce take haɗa jimla, idan ta ga ta faɗa ƙasa da sifili ba ta ƙin karɓa don cinikin ya riga ya faru, sai ta ɗaga wa Kawu jan tuta ya kira su a daidaita. Kullum ƙarfe biyu na dare mysqldump yana kwafe rumbun, kuma ranar Juma'a nakan sauko da kwafin in buɗe shi a laftof ɗina in tabbatar yana tashi. Littafin mai baƙin bango yana nan a ƙarƙashin kanta, Kawu ya ce manyan basussuka zai ci gaba da rubuta su a ciki da hannunsa, na ce hakan ya yi Kawu, ƙarshen wata sai mu riƙa gwada shi da na wayar.